Shekarar da Tulun Zumunta Ya Ƙi Magana

Bana ma ruwa ya yi mana irin halinsa. Ya sauko sau ɗaya mai kyau, kowa ya kwashi iyalinsa ya yi gona, masara ta fito har ta kai ganye uku, sai sama ta ɗauke ɗif. Yau kwana goma sha tara ke nan. Ɗana Markus kullum da safe sai ya zauna a bakin zaure yana latsa waya, wai ita za ta gaya masa ranar da za a yi ruwa. Jiya ta ce masa da la'asar. Da la'asar ta yi na aika jikata ta tambaye shi ko in kwashe shanya, ya aiko mini da cewa in daina tsokana. To ni ina ruwana? Gado ne ya yi. Ubansa ma haka yake, sai dai shi a zamaninsa babu waya, sama yake latsawa da ido.

Wannan zafin da wannan zaman jiran su suka tuno mini da wata shekara, lokacin Markus ɗin nan bai fi shekara takwas ba, ina goye da autata Ladi. Ni Rifkatu 'yar wajen Taba ce, ta ƙasar Kudan, aure ya kawo ni wannan ƙauye namu na yankin Malikanchi. A lokacin gidajen masu bi goma sha biyu ne, da 'yar cocinmu ta ƙasa mai rufin ciyawa, ƙofarta ma zana ce ake jinginawa. Sauran gari Musulmi ne, rijiya ɗaya muke sha, gayya ɗaya muke fita.

Maigidana, Baban Markus, ya huta yau shekara takwas. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba don ba ya nan. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai san hanyar gidan burkutu ba. Ciwonsa guda ne, ba ya iya ganin hadari ya zauna. Ko hayaƙin toyi ya gani ya taso daga gabas sai ka ga ya miƙe yana neman sungumi, doguwar fartanyar nan ta saran shuka. Abokan wasansa har suna ce masa in ya ga tsuntsu ya yi fitsari gona zai tafi.

A shekarar nan ruwan farko ya zo da wuri, irin wanda tsofaffi ke cewa kada a yarda da shi. Kafin gari ya gama wayewa Maigida ya tashe mu. Yana gaba yana sara, ni da yara muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Dawa ta fito gwanin sha'awa. Sati biyu rana ta zauna a kanta, ta kwanta ba ta ƙara tashi ba. Bayan nan aka yi wani yayyafi da ko ƙurar hanya bai gama kashewa ba. Wannan karon ba shi kaɗai ba ne, tsoro ya kama kowa, gari duka ya fita ya sake shuka. Abin da zabi ba su tone ba rana ta soye shi a cikin rami.

Daga nan aka shiga abin da ba na fatan jikokina su gani. Rumbu ya yi ƙasa har sai an zura yaro ciki ya sharo. Da asuba mata mu tafi rijiya mu jera tuluna, a jira ruwa ya taru a kwarfo shi da gwangwani, ja wur, sai ya kwana biyu bai gama kwanciya ba. Da safe kunun dusa, tsararo, kana hango fuskarka a ciki. Da rana a dama wa yara garin ɗorawa, duk yaron da ka gani a garin nan bakinsa rawaya ne. Da yamma in an yi sa'a tuwon garin rogo da miyar kuka, ba daddawa ba mai. Zogalen bayan gida mun tsige shi har ya zama sanda. Awaki suka koma cin dangar gida. Matan Fulani da ke kawo mana nono suka ɗauke ƙafa, an kora shanu kudu. In rana ta take, ƙasa ba ta takuwa ba takalmi, ko kaji buɗe baki suke yi su laɓe a gindin rumbu.

Abin da ya rage mana a duniya shi ne dawa kaura tiya huɗu, irin da uwata ta ba ni daga Taba, na cuɗe shi da toka saboda ƙwari na rufe a ƙwarya a ƙuryar ɗakina. Iri a kasuwar Ikara ya fi ƙarfin talaka, in ma ka samu ba ka san asalinsa ba. In wannan ya tafi, ko ruwa ya dawo kamar da bakin ƙwarya, hannu za mu naɗe mu yi kallo, baɗi kuma sai dai mu watse cikin dangi.

Ɓarayi uku ne ke zagaya ƙwaryar nan, duk a cikin gidanmu. Na farko Maigida, da ya fara zancen binne, wato a shuka a busasshiyar ƙasa a jira ruwa ya same shi a ciki. Ta biyu surukata Iya, wadda kullum sai ta leƙo ta ce, “Rifkatu, niƙa mudu ɗaya mana. Yaran nan sun koma ido da haƙarƙari. Wa zai ci dawar in masu cin sun ƙare?” Sai dai in sunkuyar da kai. Ta uku kuwa ni ce. Wata rana Ladi ta yi ta kuka, nono ba ruwa, ban san lokacin da na tsinci hannuna a cikin ƙwaryar ba. Na ɗebi tafi guda, na wanke, na niƙa, na dama mata. Da ta yi barci na zauna na ce, Rifkatu, yau tafi guda, gobe biyu, kafin sati ya zagayo ke da kanki za ki cinye baɗi. Sai na fara neman inda zan kai shi, wurin da ni ma hannuna ba zai kai ba.

A nan tulun zumunta ya faɗo mini a rai. Yaran yanzu ba su san darajarsa ba. Yau cocinmu na da kwano da siminti, da piyano mai wuta da lasifika, ranar da mai ya ƙare a janareta sai ka ga masu waƙa sun tsaya suna kallon juna. A da kuwa kayan yabon matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, caki ne, da ƙwarya, da tafi, sai uban tafiyar, wato babban tulu. Wata maginiya ce a Paki ta gina mana shi, ƙaton ciki, gajeren wuya, tsayinsa ya kai mini cinya. Ana dukan bakinsa da guntun soson katifa da aka ɗinke cikin tsumma, sai ya ba da wata murya mai kauri da ake ji a ƙirji kafin kunne. Ita ce ke riƙe ƙafar masu rawa. Ni ce mai buga shi, ba yabon kai ba, har rugar Fulani ana jin hannuna. Uwar Zumunta, Mama Hannatu, mace mai jiki da murya wadda ko maza ke shakka, ta kafa doka cewa babu mai taɓa tulun nan sai Rifkatu, ko Mai Bishara ne ya taɓa sai ya amsa tambaya.

Ranar Alhamis sharar coci ta faɗo kaina. Da rana tsaka, kowa ya mimmiƙe a inuwa, na ƙulle irin a tsohon zani kamar kayan wanki, na ɗauki tsintsiya na fita. Na zazzage shi cikin tulun, ya haura rabi. Na tura tsumma na rufe samansa, na mai da tulun kusurwarsa a bayan bagadi. Na dawo gida ina jin kaina kamar wadda ta fi kowa wayo a ƙasar Zazzau.

Washegari wani guntun gajimare ya leƙo daga gabas. Maigida ya faɗo ɗakina, ya buɗe ƙwarya, ya ga wayam.

“Maman Markus, ina irin nan?”

“Na adana shi.”

“A ina?”

“Inda sungumi ba ya zuwa.”

“Haba, baiwar Allah! Ki dubi gabas mana!”

“Na duba. Wannan hadarin ko kaza ba zai jiƙa ba. Ka kashe ni in ka ga dama, amma ba zan faɗa ba sai ƙasa ta sha ta ƙoshi.”

Sai ya shiga nema. Ya ɗaga gado, ya leƙa randa, ya zura hannu cikin jinkar ɗaki har kunama ta kusa gaishe shi. Ranar Asabar na same shi rabin jikinsa a cikin akurki, kaji suna ta tsine masa. Iya na zaune tana cewa, “Nemi da kyau, ɗana, 'yan Kudan ɗin nan da wayo aka haife su.” Ni dai na kama bakina, ai ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, balle a shekarar da tuwon ma babu.

Duk wannan dabara tawa abu ɗaya na manta da shi. Na manta da cewa akwai ranar Lahadi.

Sai da aka ce matan zumunta su fito su yi yabo gabana ya faɗi. Na mirgino tulun a hankali kada a ga nauyinsa, na zauna a bayansa. Mama Hannatu ta gyara ɗaurin zani ta ba da waƙa, “Wa ya ba mu jiya?” Mata suka amsa, “Ubangiji ne!” Ta ce, “Wa ke riƙe da gobe?” Suka ce, “Ubangiji ne!” A nan ne tulu ke shigowa. Na ɗaga hannu na sauke. Ɗaf! Kamar an mari jaki a ɗuwawu. Na ƙara ƙarfi. Ɗaf, ɗaf! Ga kuma toka tana tsirtowa ta gefen tsumma tana shiga mini hanci, na kama tari. Ƙafafun mata suka rikice, wannan ta yi dama wannan ta yi hagu, masu caki suka tsere gaba, masu tafi suka tsaya a baya. Waƙar da muke yi coci ta girgiza ta koma kamar ta rakiyar gawa. Mama Hannatu ta waiwayo ta watso mini wani kallo, na ce yau kashina ya bushe.

Bayan an tashi daga sujadar coci ta kira ni gefe. Ina jira ta ce in buɗe tulu, sai ta kama damtsena ta matsa, idonta ya kawo ruwa. “Wayyo Rifkatu,” ta ce, “ashe haka yunwa ta cinye ki ba ki faɗa ba? Dubi hannu kamar sillen kara. Ga tari kuma.” Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, sai na ƙara wani tarin.

An gudu ba a tsira ba. Ranar Litinin sai ga aike yana shigowa gidanmu. Wannan ta aiko da ɗan tsaki a ƙoƙo, waccan da ƙullin kuka, Mama Hannatu da kanta ta kawo dunƙulen daddawa biyu. Maƙwabciyata Hajara ta leƙo ta kan danga ta ce, “Maman Markus, lafiya kuwa? Jiya ba mu ji gangarku ba. Har Malam, maigidana, ya tambaya ko kun yi tafiya ne.” Ta miƙo mini ɗan rogo dafaffe. Wadda ta ƙarasa ni ita ce Kaka Saratu, wata tsohuwa gwauruwa da ba ta da kowa, wadda ita ma mu ne ya kamata mu riƙa kai wa. Ta dogaro sandarta ta zo da garin ɗorawa a ganye. Na ce, “Haba Kaka, ke fa?” Ta ce, “Karɓi, 'yata. Ni bakina kawai nake kai wa coci, ke kuwa hannunki ne ke ɗaga mu duka.” Na karɓa. Kuma na ci, ba zan yi ƙarya da furfura ba. Amma ban taɓa haɗiyar abin da ya tsaya mini a wuya irin garin nan ba.

Lahadi ta biyu na buga da dukan ƙarfin da abincin mutane ya ba ni, tulu ya ce shi dai ɗaf. Da Mai Bishara, Malam Ishaya, ya hau wa'azi, sai ya ce, “'Yan'uwa, kun ji ko tulu ya yi fushi. Mun yi roƙo har muryarmu ta dishe. Maƙwabtanmu ma sun fita bayan gari sun yi nasu roƙon. Mun yi azumi, ko da yake azumin bana ba mu muka zaɓe shi ba.” Aka ɗan yi dariya. Ya ce, “Yaron da kullum in ya shiga ɗakin ubansa hannu yake miƙawa, ya kamata wata rana ya shiga ya ce, Baba, ba komai na zo karɓa ba, gaishe ka na zo yi. Ranar Laraba za mu fita bakin gonaki. Kada kowa ya roƙi ko ɗigo ɗaya. Yabo kawai za mu yi da godiya.”

Dattijo Ayuba, wanda ba a taɓa kawo magana ya bar ta ta wuce lafiya ba, ya miƙe. “Malam, godiyar me? Ta gonar da ta ƙone?”

“Ta tuwon bara da na bara waccan, Baba, da numfashin da kake yi mini gardama da shi.”

Kowa ya ce amin, ban da ni. Ni lissafina ɗaya ne, fita bakin gona na nufin sai an ɗauki tulu a ka, duk wadda ta ɗaga shi kuwa ta gama sanin komai. Na so in koma in kwashe irin, amma in kai shi ina? Gida akwai Iya, akwai sungumi, akwai hannuna. Ga shi a kwanakin nan sau biyu hadari na haɗuwa baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Maigida sai ya zauna a ƙofar gida da sungumi a cinya yana kaɗa ƙafa har sama ta washe. Na bar irin inda yake, na ce ranar Laraba zan riga kowa in ɗauka da kaina.

Ranar Laraba da hantsi muka taru a ƙofar coci. Na shiga da sauri na naɗa gammo, sai Mama Hannatu ta daka mini tsawa. “Ajiye! Ke da iska ke kaɗawa? So kike ki fasa mana tulu, ki fasa kanki?” Ta juya za ta kira wata amarya mai ƙarfi, sai na ji murya daga cikin maza.

“Ni zan ɗauka.”

Maigida ne. Wuri ya ɗauki shewa, don tun da aka kafa cocin nan namiji bai taɓa ɗaukar tulun mata ba. Wani ya ce a ɗaura masa kallabi, wani ya ce a rubuta sunansa a zumunta. Mama Hannatu ta ce, “Mijin da ya tausaya wa matarsa, na ɗage masa doka yau kaɗai.” Ya sunkuya ya rungumi tulun ya ɗaga. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, na ji irin ya ce shaa a ciki, ko ni kaɗai na ji oho. Na rufe ido ina jiran ya yi magana. Bai ce uffan ba, ko kallona bai yi ba, ya ɗora a kafaɗa ya shiga gaba. Muna tafe gumi na zuba daga haɓarsa, yana nishi ƙasa-ƙasa. Mama Hannatu ta girgiza kai ta ce, “Kai, yunwa ta gama da mazan garin nan. Tulu ba komai a ciki, dubi yadda yake haki.”

Muka isa gindin wata babbar ɗorawa a bakin gonaki. Ko'ina ka duba jar ƙasa ce da kunya-kunya, da busassun tsiron dawa kamar gashin tsohuwar tsintsiya. Ba tsuntsu, ba iska. Mai Bishara ya yi gajeriyar addu'a, Mama Hannatu ta ba da waƙa, aka amsa da muryoyin da ba su karya kumallo ba. Na sauke hannu. Ɗaf.

Sai ga Kaka Saratu ta fito tsakiyar fili da sandarta. Leɓenta ya tsattsage, idon sawunta ya kumbura, amma tana jan ƙafa tana neman kiɗan da za ta taka. Ta juyo wajena tana murmushi da bakin da ba haƙori, tana yi mini alama da hannu wai in ƙara, in ƙara. Matar da na cinye mata abincin rana.

Masu ba da labarin nan a yanzu suna cewa bangaskiya ce ta motsa ni. Ina! Kunya ce, da haushi. A zuciyata faɗa nake yi da Allah. Na ce, ka hana ruwa, ka ƙona shuka biyu, ɗan abin da na ɓoye ma ka ƙi bari ya ɓoyu, to ga shi nan, ka san yadda za ka yi da 'ya'yana. Na miƙe na kwance mayafina na shimfiɗa a ƙasa, na zaro tsumman, na kifa bakin tulun. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kaura ta zubo shaaa, toka ta turnuƙe, Mai Bishara da ke kusa ya saki atishawa uku a jere.

Waƙa ta tsaya cak. Kowa ya zuba wa tsibin irin ido. Mama Hannatu ta dubi dawar, ta dubi tulun, ta dube ni, ta riƙe haɓa.

“Au! Ashe tulun ne ya ƙoshi, mu kuma muna ta ciyar da mai bugawa!”

Wata ta fara ƙyalƙyalewa, sai wuri ya ɓarke. Mutanen da suka yi wata biyu ba a ga haƙoransu ba suka riƙe ciki. Dattijo Ayuba ya zauna daɓas a ƙasa yana share hawaye. Iya tana ta nuna ni tana cewa, “Ban faɗa muku ba? 'Yan Kudan!” Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Mama Hannatu ta ɗaga hannu ta ce, “Shari'a sai an koma gida. Yanzu dai tunda an sauke wa tulu nauyi, Rifkatu, biya mu kiɗanmu na sati biyu.”

Na zauna na sauke hannu. Bum! Har cikin haƙarƙarina na ji shi. Na ƙara, na ƙara, ƙafafu suka haɗu wuri ɗaya, caki ya dawo hanya, ƙura ta tashi. Maza da ba sa rawa sai sun ga dole suka shigo fili. Kaka Saratu ta yar da sanda. Ina bugawa ina kuka, majina da toka sun haɗu a fuskata, ban damu ba. Shekara tara ina buga tulun nan, kullum da wani abu a bayan zuciyata, ko in burge mata, ko in tuna wa Allah wata buƙata. Ranar nan ba ni da abin ɓoyewa, ba ni da abin da zan ce a ba ni, haushin ma tun ina jinsa har na neme shi na rasa. Da aka ce wa ke riƙe da gobe, na amsa da dukan bakina, don na san dai ba ni ba ce. Muka yi ta yi har rana ta take, kuma duk rawar nan babu wanda ya taka ko ƙwaya ɗaya, zagaye mayafin aka riƙa yi.

Da aka gama babu wanda ya roƙe ni. Da ma sun roƙa da ya fi mini sauƙi. Dattijo Ayuba ma cewa ya yi, “Tattara abinki, 'yata, kowa ya san zafin iri.” Amma na ga yadda mata ke kau da kai kada a ga suna kallo, na kuma san gida bakwai a cikinmu ba su da ko ƙwaya. Na karɓi ƙoƙon wata mai caki na durƙusa. Na fara da Kaka Saratu, na bi sauran, na ƙulle wa Hajara nata a gefe. Abin da ya rage mini bai cika tiya ɗaya ba. Na ce a raina, ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata, sai dai wannan karon mai damin ce ta sace kanta.

Kada wani ya gaya muku wai muna tashi ruwa ya kece. Ina wurin. Sai da aka ƙara kwana tara cur ana soyuwa, a cikinsu babu ranar da ban yi da-na-sani ba. A na goma ya sauko, ya wuni yana zuba, ƙanshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna ihu. Irinmu kashi ɗaya cikin uku na gonar ya rufe. Girbi ya zo a tsaitsaye, da rani Maigida ya tafi Makarfi saran rake kafin mu kai wata damina. Mun sha wuya, amma gida goma sha biyun nan babu wanda ya tashi, babu wanda aka binne.

Abin da na fi tunawa dai shi ne komowarmu gida a ranar Larabar nan. Mutane suka yi gaba suna ta maimaita maganar Mama Hannatu suna dariya. Ni da Maigida muna baya, shi da tulu a kafaɗa, ni da ɗan ƙullin iri a ka. Na gaji da shirunsa na ce, “To ka faɗi abin da za ka faɗa mana. Tun da ka ɗaga shi da safe ka sani.”

Ya ce, “Ba da safe na sani ba.”

“Yaushe?”

“Tun Lahadin farko, bugun farko. Shekara tara ina jin hannunki, Maman Markus. Ko da zazzaɓi kika buga ba haka yake faɗa ba.”

Na tsaya a tsakiyar hanya. “Ka sani? Hadari ya haɗu sau biyu kana zaune da sungumi, ga cocin da ko ƙyaure ba ta da shi?”

“Sau ɗaya har bakin zanar na kai,” ya ce. “Na dawo.”

“To ɗaukar tulun fa? Da maza ke yi maka shewa?”

Ya gyara shi a kafaɗa, yana kallon ƙasa kamar yaron da aka kama da laifi. “In wata ta ɗaga ai asirinki ya tonu. Na yi niyyar in kai miki shi in dawo miki da shi, ba wanda ya ji.” Sannan ya ce, “Amma gaskiya na yi kewar muryarsa.”

Na sauke ɗan ƙullin irin daga kaina na miƙa masa, na ce ya riƙe a wurinsa.